Babban Kamshaf da Matsi Mai Yawa: Yadda Ake Haɗa Injin da Zai Jure Zafin Sakkwato

A tsakiyar wani Afrilu, lokacin da ƙarfen sifana ba ya taɓuwa in ya kwana biyu a rana, wani matashi ya turo Golf ɗinsa garejinmu, shi yana gumi ita tana huci. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Oga, motag ga ta ishe ni. An gurje mata kai sau biyu, na sa mata kamshaf na tsere, amma da na taka totur sai ta dinga ƙara kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwani." Na ce, "Ƙanena, matsinta nawa ne yanzu?" Ya ce shi dai ya san an gurje sosai. Na ce, "To bawul ɗin shan iska fa, a digiri nawa yake rufewa?" Ya tsaya yana kallona kamar na canza harshe.

Da muka sauke kan injin, fistin na uku ne ya ba da labari. Dandamalin da ke tsakanin ringi na sama da na biyu ya karye, fuskar fistin kuwa ta yi zanzana kamar an watsa mata yashi da ƙarfi. Kamshaf ɗin da aka sayar masa, wato sandar nan mai tozaye da ke buɗe bawul da rufe su, da muka auna, ɗagawar bawul kawai ya ƙara, lokacin rufewarsa kusan ɗaya ne da na kamfani. Ga tamostat an cire, ga man bumburutu a tanki. Tambayoyi biyun nan da ya kasa amsawa su ne kan aikin gaba ɗaya, domin matsi da kamshaf abu ɗaya ne da aka raba biyu, tare ake zaɓensu.

Da fari: fara daga bakin famfon gidan mai

Amfanin matsi, wanda a gareji muke ce wa kwamfireshan, shi ne inji ya tatso ƙarin ƙarfi daga man da ya sha. Sai dai ribar ba ta kai yadda samari ke zato ba. Daga 10:1 zuwa 11:1, in komai ya tafi daidai, abin da za ka samu bai wuce kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari ba, kuma kowane maki na gaba ribarsa ta fi ta baya ƙanƙanta. Haɗarin ne ke ƙaruwa da sauri.

Haɗarin shi ne ƙarar tsakuwar nan. Fulogi ya tartsa wuta, wutar ta fara cin haɗin mai da iska tana bazuwa zuwa gefe. Ragowar haɗin da ke can lungu, wanda wutar ba ta iso gare shi ba, zafi da matsi suna ta hawa kansa. In ya kasa jurewa sai ya fashe da kansa gaba ɗaya, bugun ya daki fistin da ringi da gasket da metal. A nan zan riƙa kiran wannan ƙwanƙwasa, don kada a haɗa shi da abin da muke nufi in mun ce inji ya buga, ko da yake ƙwanƙwasar da aka ƙyale can take kai mutum.

Juriyar fetur ga wannan fashewa ita ce oktan. A Turai mutum yana zaɓa tsakanin mai lamba 95 da mai 98, a Japan akwai wanda ya kai kusan 100, kuma don irinsa aka ƙera injin Honda K20A na Type R mai matsi 11.5:1. Mu nan famfo ɗaya ne, fetur iri ɗaya, ba a ma rubuta maka lambarsa. Akwai kuma tarkon da ya kama da yawa daga masu kallon bidiyon Amurkawa: ma'auninsu daban ne. Abin da suke kira 91 ya yi daidai da kusan 95 a ma'aunin Turai, 93 ɗinsu kuwa kusan 98 ne. In ka ji Ba'amurke ya ce injinsa mai 11.5:1 yana shan man famfo lafiya lau, ba famfonmu yake nufi ba, kuma ba a garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu yake tuƙi ba.

Saboda haka yanke shawara tun kafin ka kwance noti ɗaya. In man gidan mai za ka sha kullum, ra'ayina shi ne injin mai bawul biyu a kowace silinda ya tsaya tsakanin 10:1 da 10.5:1, mai bawul huɗu da birenbos (kwamfutar inji) da ake iya saitawa ya iya kaiwa 11:1. Abin da ya haura 11.5:1 sai da mai na musamman. Etanol oktan ɗinsa ya kai wajen 108, amma haɗin da ke da kashi 85 na etanol yana buƙatar ƙarin mai kusan kashi 30 cikin ɗari, wato manyan nozul da famfon mai mai ƙarfi. Iskar gas ta CNG ma tana jure matsi sosai. 'Yan kwalaben ƙarin oktan da ake sayarwa a shagunan kayan mota kuwa, yawancinsu ɗan gutsuren maki suke ƙarawa, kada ka gina inji a kansu.

Na biyu: auna abin da ke hannunka

Kayan aikin ba su da tsada: sirinji babba daga kemis, faifan roba mai garai-garai da aka huda masa ƙaramin rami, giris, da kananzir da aka ɗiga wa ɗan man giya ja don a gan shi.

Kifa kan injin, ɗakunan ƙonewa suna kallon sama, bawul da fulogi suna wurinsu. Shafa giris siriri a gefen bawul da kewayen ɗakin, ɗora faifan, ka ɗan karkata kan yadda ramin zai kasance a sama. Sai ka riƙa ɗura kananzir kana ƙirga mililita har kumfar iska ta ƙarshe ta fita ta ramin. Yi wa duka huɗun haka. In wani ɗaki ya bambanta da sauran da fiye da rabin mililita, a daidaita, domin ɗakin da ya fi ƙanƙanta shi zai fara ƙwanƙwasa, kuma dominsa za ka rage wa sauran ukun wuta, wato ka jinkirta tartsatsin fuloginsu.

Ba ɗakin kaɗai ne sararin da ke saman fistin ba. Haɗa da kaurin gasket bayan an ɗaure shi, da nisan da fistin ya rage bai iso fuskar bulok ba, da kwarmin da ke kan fistin. In fistin mai tudu ne, a cire girman tudun.

Lissafin shi ne: cikin silinda a tara da sararin sama, a raba da sararin sama. Ɗauki injin Golf 1.8, mai faɗin silinda milimita 81 da tafiyar fistin milimita 86.4. Kowace silinda tana ɗaukar mililita 445. In sararin sama 49.5 ne, matsi 10:1 ke nan. In ya koma 44.5, ya zama 11:1. In 40.5 ne, 12:1. Dubi yadda mililita 9 kacal, abin da bai cika cokali biyu na shayi ba, ya raba injin zuwa kasuwa da injin tsere. Gasket da aka rage wa rabin milimita yana cinye kusan mililita 2.6, wato kusan rabin maki. Shi ya sa "a ɗan ƙara gurza" ba magana ba ce.

Na uku: matsin takarda da matsin gaske

Nan ne zuciyar aikin, a yi haƙuri da ni.

Lambar 10:1 ko 12:1 tana ɗauka cewa fistin yana fara matsa iska tun daga ƙasa. Ba haka abin yake ba. Lokacin da fistin ya kai ƙasa ya juyo, bawul ɗin shan iska yana nan a buɗe, kuma muddin yana buɗe babu matsi, wani ɓangaren iskar ma komawa yake ta inda ya shigo. Sai bawul ya zauna sannan matsi na gaske ya fara. Babban kamshaf yana jinkirta wannan zaman.

Mu koma kan injin Golf ɗin, wanda tsawon kwanrod ɗinsa, sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf, milimita 144 ne. In bawul ya rufe a digiri 55 bayan fistin ya bar ƙasa, tafiyar da ta rage masa milimita 72.4 ce. In sai a digiri 75 ya rufe, saura milimita 60.6. Ga abin da hakan ke haifarwa. Inji mai 10:1 da rufewa a 55 matsinsa na gaske 8.5 ne. Ka sa masa babban kamshaf mai rufewa a 75 ba ka taɓa komai ba, ya faɗo 7.3, motar ta zama raguwa a cikin gari, tana tashi daga danja kamar jakin da aka yi wa lodin yashi. Ka ɗaga shi zuwa 11:1 da wannan kamshaf, ya dawo 8.0. Ka kai shi 12:1, ya zama 8.7. Amma 12:1 da kamshaf mai rufewa a 55 ya kai 10.2, kuma can wajen ne ƙanen nan nawa mai Golf ya kai kansa.

Kamfanoni sun daɗe da sanin wannan. Injin Toyota Prius na farko matsinsa a takarda ya kai wajen 13:1, amma yana shan fetur na gama-gari, saboda an sa bawul ɗinsa ya yi jinkirin rufewa da gangan.

Masu haɗa inji suna da ƙa'idar da gwaji ya koya musu: matsin gaske ya tsaya tsakanin 8 da 8.5 a kan fetur mai kyau. A Sakkwato ni ƙasan wannan nake nufa, 7.8 zuwa 8.2. Abu biyu kuma a riƙe. Digirin da ake lissafi da shi shi ne na lokacin da bawul ya zauna daram, ba wanda ake bayarwa a ɗagawar milimita ɗaya ba. Sannan wannan lissafi na ƙaramin gudu ne. In inji ya hau sama, iskar da ke tahowa da gudu cikin manifol, bututun da ke kai ta silinda, tana ci gaba da cusa kanta duk da fistin ya juyo, silinda ta cika maƙil, matsin ya dawo. Wannan cikar ita ce ribar babban kamshaf, kuma a daidai wurin da inji ya fi jan ƙarfi ne ƙwanƙwasa ke iya sake ɓullowa.

Na huɗu: zaɓen kamshaf

Lambobi uku ake dubawa: tsawon buɗewa a digiri, tsayin ɗagawa a milimita, da tazarar da ke tsakanin tozon shan iska da tozon fitar hayaƙi.

Wajen tsawon buɗewa ake cutar mutane. Wani kamfani yana aunawa daga lokacin da bawul ya fara motsi, Amurkawa suna aunawa a ɗagawar inci 0.050, wato milimita 1.27, Turawa da Japanawa galibi a milimita 1. Kamshaf ɗaya zai iya zama 276 a wani ma'auni, 240 da wani abu a wani. Duk kamshaf ɗin da ya zo ba takardar da ke nuna digirin buɗewa da rufewa da ma'aunin da aka bi, bar wa mai shi kayansa. A ma'aunin farko, ga injin silinda huɗu, 260 zuwa 270 na titi ne, 280 zuwa 290 ya fara zama na gasa, 300 zuwa sama ba ya farkawa sai juyi ya wuce 4,500 ko 5,000 a minti. Ka tambayi kanka da gaskiya sau nawa allurarka ke zuwa can tsakanin Gawon Nama da Tsohuwar Kasuwa.

Tazarar tozo, wadda galibi ke tsakanin digiri 106 da 114, ita ke ƙayyade tsawon lokacin da bawul biyu ke buɗe tare a saman tafiyar fistin. In ta matse, haɗuwar ta yi yawa, sai a sami gurnanin nan na "dum-dum-dum" a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, wanda samari ke mutuwa a kai. Gurnanin ba ƙarfi ba ne, hayaƙi ne ke komowa yana gurɓata haɗin. Kuma yana da farashi: zuƙar manifol tana raguwa. Injin kamfani yana ba da inci 17 zuwa 21 a agogon zuƙa, bustar birki kuma da wannan zuƙar take aiki. In ta faɗo ƙasa da 12 ko 13, birki zai yi tauri a taka na biyu, a cikin go-sulo, bayan mai keke-napep. Sai an ƙara tankin ajiyar zuƙa ko famfon lantarki. Shan mai ma zai ƙaru, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ba sai an yi wa kowa bayanin ma'anar wannan ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

In injinka mai VTEC ne, wanda Honda ta fara sakawa a B16A a 1989, ko 2ZZ-GE na Toyota mai sauya tozo a wajen juyi 6,000, kana da sa'a, domin kamfani ya riga ya ba ka ƙaramin kamshaf da babba a sanda ɗaya. Sai dai lissafin matsin gaske na cikin gari da ƙaramin tozon za ka yi shi. Kuma tafet, ƙarfen da ke tsakanin tozo da bawul, iri biyu ne: kamshaf na tafet mai aiki da mai daban, na busasshen tafet daban, ba a musanya su.

Na biyar: ta ina za a ƙaro matsin

Hanya mafi kyau ita ce sabon fistin mai siffar da ake so, da ramukan bawul masu zurfi. Fistin ɗin da aka ƙera da duka ya fi na zubi jure ƙwanƙwasa. Iri biyu ne a kasuwa, bisa lambar alminiyon da aka yi shi da shi: 4032, wanda ba ya kumbura sosai kuma ya dace da titi, da 2618, wanda ya fi jure azaba amma yana son sarari mai yawa, ya riƙa kaɗawa da safe kafin ya ɗumama. Bi takardar mai fistin wajen sarari da bakin ringi. Ga silinda mai milimita 81, bakin ringin sama yana kaiwa wajen milimita 0.35. In ya matse, zafi zai haɗe bakin biyu ya ɓalle kan fistin.

Abin da na fi so mutane su kula da shi shi ne tazarar da ke tsakanin shafaffen gefen fistin da shafaffen gefen kai in fistin yana ƙololuwa. In ta kasance milimita 0.9 zuwa 1.1, fistin yana fesa haɗin da ke lungu zuwa tsakiya, ya gauraye, ya ƙone da sauri, ba a bar ragowar da za ta fashe ba. Shi ya sa masu jibga gasket mai kauri ko biyu don rage matsi sukan ga ƙwanƙwasa ta ƙaru maimakon ta ragu.

Gurzar kai ita ce ta ƙarshe a zaɓina. Tana rage ƙarfin fuskar kai, tana kusanto bawul da fistin, kuma a injin da kamshaf ke sama tana rage nisan da ke tsakaninsa da kiranshaf, sai tayimin ɗin kamshaf ya koma baya ko da alamomi sun yi daidai a ido. Duk wanda ya gurza, dole ya sayi fulin kamshaf mai saiti. Kafin a haɗa, a bi duk wani kaifi a ɗakin ƙonewa da kan fistin da samfefa, domin kaifi yana yin ja ya kunna mai kafin fulogi, wannan kuwa a 'yan daƙiƙu yake huda fistin.

Na shida: haɗin gwaji

Za ka haɗa, ka auna, ka kwance, wataƙila sau biyu ko uku. Wanda ba shi da wannan haƙuri ya tsaya a injin kamfani.

Nemo ainihin ƙololuwar fistin tukuna, kada ka dogara da alamar fuli. Fasa tsohon fulogi, a yi masa waldar ƙusa ta leƙo ciki, ka ɗaura a silinda ta ɗaya. Manna faifan digiri a kan kiranshaf da wata waya a matsayin manuni. Juya da hannu a hankali har fistin ya tokari ƙusar, ka rubuta lambar, ka juya baya har ya sake tokara, ka rubuta. Tsakiyar lambobin biyu ita ce ƙololuwa. A lura kada bawul ya haɗu da ƙusar, ya fi kyau a yi wannan kafin a ɗora kamshaf.

Sai ka kafa agogon awo a kan tafet ɗin shan iska. A ce ya nuna ɗagawar milimita 1 a digiri 12 kafin ƙololuwa, ya dawo milimita 1 a digiri 48 bayan ƙasa. Tsawon buɗewa ke nan 12 da 180 da 48, wato 240. Raba biyu, 120, cire 12, tsakiyar tozo tana 108 bayan ƙololuwa. Gwada da takarda, ka gyara da fuli. Tura kamshaf gaba da digiri 4 yana sa bawul ya rufe da wuri, ya ƙara ƙarfin ƙasa da matsin gaske, ya kuma kusanto bawul ɗin shan iska da fistin. Ja da shi baya yana kusanto na hayaƙi.

Yanzu laka. Sami lakar roba irin ta wasan yara, ka liƙa a ramukan bawul na fistin, kaurin wajen milimita 5, ka shafa wa fuskar bawul mai don kada ta manne. Ɗora kai da gasket, ɗaure, sa bel, ka juya inji zagaye biyu cikakku da hannu. In ka ji ya cije, tsaya nan take, kada ka ƙara ƙarfi. Sauke kai, ka yanka lakar da reza ta tsakiyar sawun bawul, ka auna inda ta fi siriri. Ana son aƙalla milimita 2 a na shan iska, 2.5 a na hayaƙi, domin shi ya fi zafi ya fi miƙewa, kuma shi fistin ke kora in sifirin ya gaza. Duba gefen ramin ma, ba ƙasansa kaɗai ba. In tafet ɗinka mai aiki da mai ne, zai lotsa ya yi maka ƙarya, sai ka cusa wa ɗaya abu ya zama daskararre don awon.

Sifirin bawul kuma, a cikakkiyar ɗagawa a bar aƙalla milimita 1.5 kafin zagayensa su haɗe, haka tsakanin hular sifirin da sil ɗin bawul. Juya kamshaf ka ga tozo ba ya gogar jikin kai. Tsohon sifirin da ya yi shekara ashirin ba zai iya bin tozo mai tsini a juyi 7,000 ba, bawul zai yi ta shawagi har ya gaisa da fistin. In za ka ƙara juyi fiye da na kamfani, canza kusoshin kwanrod.

Na bakwai: sanyaya, da ƙura

Al'adar cire tamostat ta zama ruwan dare a garejojinmu, ni kuwa ban yarda da ita ba a irin wannan inji. Ba tare da ita ba zafin yana hawa da sauka, birenbos ya rikice ya yi ta ƙara mai, a wasu injina ma ruwan ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya bai shiga lagireto sosai ba. Sa mai buɗewa a wajen digiri 80 zuwa 82, lagireto mai kauri, fanka mai rumfa, da murfi mai riƙe matsi, wanda ke ɗaga tafasar ruwa zuwa wajen digiri 120. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farar ƙasa a cikin kai, daidai inda ake son zafi ya fita. A yi amfani da ruwan sanyaya inji na gaske. Ƙaramin lagireton baƙin mai ma ya cancanci kuɗinsa.

Matacin iska mai siffar mazurari da ake ɗaurawa tsirara a cikin bonet yana da daɗin ƙara, amma iskar da ta gasu a bayan lagireto yake zuƙa. Kowane ƙarin digiri 10 yana rage nauyin iska da kusan kashi 3 cikin ɗari, yana kuma kusanto ƙwanƙwasa. Da hunturu kuwa ƙurar da yake bari ta wuce samfefa ce ga ringi. Bar akwatin kamfani da matacin takarda mai kyau, ka jawo masa bututu daga gaban mota. Baƙin mai da ke shiga ɗakin ƙonewa shi ma yana karya oktan, don haka sabbin sil, da gwangwanin tare tururin mai a kan bututun numfashin inji.

Na takwas: tayarwa da saiti

Kafin ka sa fulogi, juya inji da kik har agogon mai ya motsa, sannan ka auna matsi da geji. In ya haura 200 a ma'aunin fam, wato wajen bar 14, a man famfonmu ka sake duba lissafinka. Sa fulogi mai sanyi mataki ɗaya, wato wanda ya fi saurin fitar da zafi: a NGK da Denso lamba mafi girma ta fi sanyi, a Bosch akasin haka ne.

Sabon kamshaf mai gogar tafet kai tsaye yana son sabbin tafet, man haɗi a kan kowane tozo, da baƙin mai mai sinadarin zink. Da ya tashi, kai shi juyi 2,000 zuwa 2,500 ka riƙe minti 20 zuwa 30 kana ɗan sama da ƙasa. Kada ka bar shi a silo don jin gurnani, a waɗannan mintuna ne tozo ke zama ko ya cinye. Juye man da matacinsa bayan nan.

Birenbos na kamfani ba zai gane wannan inji ba. Zuƙa ta ragu, sai ya ɗauka ka taka totur, ya yi ta ambaliyar mai. In yana da na'urar jin ƙwanƙwasa zai riƙa janye wuta a ɓoye, ƙarfi ya tafi, salansa ta yi ja, kai kuma kana cewa lafiya. Ko a sake masa saiti, ko a sa wanda ake saitawa da kwamfuta irin Speeduino, MegaSquirt ko Haltech, tare da na'urar auna haɗi mai faɗi irin Bosch LSU 4.9. A tafiyar yau da kullum haɗin iska da fetur 14.7 ne, wato nauyin iska 14.7 ga ɗaya na fetur, a cikakken totur 12.5 zuwa 13, ni a zafinmu ina karkata ga 12.5.

Mai ake fara daidaitawa, wuta tana baya. Don jin ƙwanƙwasa, daddale bakin guntun bututun tagulla, ka huda, ka ɗaure a jikin bulok kusa da kai, ka jona masa tiyo zuwa abin sauraren ƙirji irin na asibiti. Wani ya tuƙa, kai kana saurare. A giya ta uku, daga juyi 2,000 a take har sama, a miƙaƙƙen titi da ba kowa, ba cikin gari ba, ba kuma a ayarin ɗaurin aure ba. Ƙara wuta digiri ɗaya ko biyu, sake gwadawa kana ɗaukar lokaci da agogo. Inda lokacin ya daina raguwa, ko ka ji "tas-tas" na farko, tsaya ka janye digiri 2 zuwa 3. Bayan kowane gwaji ciro fulogi ka duba farin tangaran ɗinsa a rana. Ɗigo-ɗigo baƙi kamar barkonon da aka barbaɗa, ko masu ƙyalli, ƙwanƙwasa ce da kunnenka bai kama ba, masu ƙyallin kuwa naman fistin ne.

Lokacin da aka yi saitin yana da muhimmanci a garin nan fiye da ko'ina. Injin da aka saita da sanyin safiyar Janairu zai yi kamar zai tashi sama, Afrilu na zuwa ya fara cin kansa. A yi gwajin ƙarshe tsakanin azahar da la'asar, inji ya gasu, na'urar sanyaya ɗaki a kunne, mutum huɗu a ciki, da man gidan da ka saba sha. A birenbos kuma a sa ya riƙa janye wuta da kansa in zafin iskar shiga ya haura digiri 45 ko 50. In da hunturu ka gama aikin, rubuta a takarda ka liƙa a dashbod cewa akwai sauran saiti in bazara ta kama.

Wajen tuƙi, kada ka danne totur a giya ta huɗu ko ta biyar alhali allura tana ƙasa da 2,500, sauko da giya. In doguwar tafiya ce, Illela ko Gusau ko Birnin Kebbi, cika tanki a inda ka sani, in kuma dole ta sa ka sha man da ba ka yarda da shi ba, bi da ita a hankali har ya ƙare. Bayan kilomita 1,000 na farko a sake juye mai, a duba sararin tafet in busasshe ne, a sake auna matsin silinda huɗun a rubuta, don a sami abin gwadawa da shi nan gaba.